Saƙon Baba Usaini Zuwa Matsirgar Ruwa

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun karatuna a Makka, har da sunayen wasu da muka zauna ɗaki ɗaya da su, amma akwai wata Juma'a a gidan Baba Usaini da na tabbata ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan, sai da na ajiye biro na share gumi (alhali ga fanka tana juyi a kaina).

Ni ɗan Gumel ne. Wanda ya san ƙasarmu ya san shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, kuma babban ruwan da na sani tun tasowata shi ne kududdufin bayan gari, wanda shi ma kafin rani ya yi nisa ya ƙafe. Allah Ya sa na samu gurbin karatu a Makka. Shekarar farko kaɗaici ya so ya kwantar da ni. Ga Harami, ga karatu, ga komai, amma babu wanda zai tambaye ka ko ka ci abinci.

Wata rana wayata ta lalace, na kai ta wani shagon gyara a titin Mansur. Mai gyaran ya ji na yi wa wani magana da Hausa, sai ya ɗago kai ya ce, "Kai Bahaushe? Daga balad ka zo? Yalla, Juma'a ka zo gidanmu. Abuya yana son baƙi daga can." Sunansa Faisal. A Makka aka haife shi, kamar yayyensa, kuma Hausarsa rabi Larabci ce, sai ka kasa kunne sosai. Balad a bakinsa ita ce ƙasarmu ta gida, Abuya kuma babansa.

Mahaifin nasa shi ne Baba Usaini. Ya haura tamanin a lokacin, idanunsa sun rufe, ƙafafunsa ma sun daina ɗaukarsa sai a keken guragu. Yana yaro iyayensa suka taso da shi daga gida a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan, suna tsayawa suna noma suna ci gaba, har suka iso. Bai sake komawa ba. Ya yi aikin ɗaukar gajiyayyun alhazai a wajen ɗawafi, daga baya ya koma ɗinki. Hausarsa irin ta dā ce, akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake jin su a bakin kowa ba sai a nasa.

Ranar farko, bayan an ajiye mana faranti na shinkafa da kwanon miyar kuka a gefe, sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ɗana, daga wane gari?"

"Gumel, Baba."

"Ka san garinmu?" Sai ya faɗi sunan wani gari a bakin kogi, can kudancin Taraba inda daji ya fara zama kurmi. (Ba zan faɗi sunan ba, don akwai waɗanda za su iya gane ni a can har yau.)

Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa jin sunan garin, a bakin wani kawuna direba da ke ɗauko katako daga wajajen. Amma na dubi fuskar tsohon nan, yadda ya karkato da kunnensa yana jira, na dubi farantin nan, na tuna ɗakina na makaranta da gwangwanin kifin da ke jirana. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Baba, ai na sha zuwa."

Ya matse hannuna har ya yi mini zafi. "To ka ga matsirgar?"

Ban san mece ce matsirga ba. Faisal ne ya cece ni, ya ce, "Shallal, ya shaikh. Ruwan da yake faɗowa daga kan dutse. Kullum maganar Abuya ke nan."

Na ce, "Na gan ta, Baba."

Daga ranar na zama ɗan gida. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai in kama hanyar Mansur, in zauna kusa da kekensa. Dabarata mai sauƙi ce: in bar shi ya yi ta bayani, ni kuma ina cewa, "Haka yake, Baba, har yanzu haka yake." Ya ba ni labarin hanyar da ke bi ta cikin kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Ya ba ni labarin feshin ruwan da ke jiƙa mutum tun bai iso ba, da faffaɗan dutsen da mahaifiyarsu ke shanya wanki a kai. Juma'a mai zuwa sai in dawo masa da maganarsa, in ɗan sauya mata riga, in ce abin da na gani ne. Shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Allahu Akbar. Ka ji ko, Faisal? Yaron nan ya san wurin." Kusan shekara biyu ina sayar wa mutum da kayansa, kuma ban ga laifina ba. Ina ce wa raina ai faranta wa tsoho rai nake yi.

Da hutun ƙarshen shekara ta biyu ya matso, na je yi masa sallama. Ya sa aka fita aka bar mu mu biyu.

"Ɗana, akwai saƙon da nake son in ba ka. 'Ya'yana ba su san hanya ba, ko sun je ma ba za su gane komai ba. Kai ne ka san wurin."

Na ce, "Faɗi, Baba."

"Ka ji ana ce mini Usaini. Ba ka taɓa tambayar ina Hassan ba." Ya murza carbinsa. "Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, shekararmu takwas ko tara. Gonar ubanmu tana can gindin matsirgar, nan aka binne shi. Ubanmu ya ce a hannun dama da faffaɗan dutsen, ƙarƙashin wata babbar bishiya. Damina biyu bayan nan muka taso. Tun daga lokacin babu wanda ya tsaya a kansa ya yi masa sallama. Ka je mini. Ka ce ɗan'uwansa ne ya aiko ka. Ka yi masa addu'a. In kuma wannan wayar taku za ta iya, ka ɗauko mini ƙarar ruwan in ji."

Nan ne wurin da mutumin kirki zai ce, Baba, ka yafe mini, ban taɓa zuwa ba, amma zan nema. Ni kuwa na ce, "An gama, Baba. Ai kamar gida ne."

Don a yi mini adalci, na tafi. Bayan na yi mako biyu a Gumel, na kama hanya, kwana biyu ina sauya mota. Na iso garin da hantsi. Yana kwance a bakin kogi, ko'ina ƙamshin bandar kifi, kwale-kwale jere a mashaya, mata suna wanke rogo. Na sa farar jallabiyata ta Makka, na fesa turare, na sa sabbin takalma masu santsin ƙasa (ina so a san daga inda na fito, kuma an sani, don kafin in kai ƙofar mai unguwa kowa yana ce mini Alhaji). Mai unguwa ya ji bayanina, ya ce tsofaffin da za su tuna da iyayen Baba Usaini duk sun ƙare, amma ya haɗa ni da wani maharbi, Malam Ɗanladi, magidanci mai furfura, ya ce ya raka ni.

Malam Ɗanladi ya dubi jallabiyar, ya dubi takalman, ya ce, "Alhaji, a haka za ka?"

Na ce, "Ai mun saba."

Muka haye kogi a kwale-kwale, na riƙe gefensa da hannu biyu har yatsuna suka sage. Muka shiga kurmi. Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai bai faɗi rabi ba. Da tsakar rana amma duhu kamar magariba ta kawo jiki. Bishiyoyi sun miƙe ba ka ganin ƙarshensu, jijiyoyinsu sun fi ni tsawo, ganye yana ɗigar ruwa ba tare da ana ruwa ba. Ƙasa baƙa ce, tana warin ruɓaɓɓen ganye, tana tsotse takalmi. Birai suna ta kururuwa a sama. Sau uku ina faɗuwa. A wani wuri na tsaya in huta a tsakiyar jerin kwarkwasa ban sani ba, suka hau ni ta cikin wando, na yi rawar da ban taɓa yi ba ko a bikin yayata. Malam Ɗanladi ya juya baya, ya yi kamar yana duba wani itace.

Mun yi kamar awa biyu sai na fara jin wani sauti, kamar manyan motoci suna wucewa daga nesa ba sa ƙarewa. Malam Ɗanladi ya ce, "Ita ce ka ji." Iska ta yi sanyi. Muka zagaya wani dutse, sai ga kadarko.

Kututture biyu ne aka gicciya a kan wani kwazazzabo, gansakuka ta lulluɓe su, suna sheƙi. A ƙasa, can ƙasa, ruwa ne fari fat yana dukan duwatsu. Babu abin riƙewa. Malam Ɗanladi ya taka ya wuce kamar yana tsakar gidansa, ya waiwayo.

"Bismillah, Alhaji. Saura kaɗan. Bayan wancan dutsen take."

Na taka ɗaya, na taka biyu. A ta uku na kalli ƙasa. Ban san lokacin da na zauna ba, na raba ƙafa a kan kututturen kamar mai hawan jaki, na rungume shi. Ya dawo ya miƙo mini hannu, ya ce in kalli ƙirjinsa kawai. Na kasa sakin itacen. Ina nan a haka sai na ji murya a bayana. Mata ne uku da dammunan itace a ka, suna jira.

Babbarsu ta ce, "Alhaji, in ba wucewa za ka yi ba, ka ɗan matsa mana. Kayan da nauyi."

Da baya na ja gindi har na koma tudu. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen ma da goyo. Na ce wa Malam Ɗanladi jiri nake fama da shi tun a mota, mu koma, gobe ma dawo da sassafe. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu." Da sassafen kuwa ina cikin motar farko da ta bar garin. Ban ce masa ya isar da sallamar a madadina ba. Ko wayar ban ciro na ɗauki ƙarar da nake ji ba, don ciro ta yana nufin na yarda nan ne iyakata.

Saura kwana uku in koma Makka, na zauna na shiga intanet ina neman bidiyon ruwa mai faɗowa a cikin kurmi. Na samu wani mai kyau: bishiyoyi, duwatsu, farin ruwa, babu kowa. Na kalli kamar minti biyu na farko, na ce wannan ya yi, na sauke shi a waya. Tsawonsa ya kai minti goma sha. Lissafina shi ne in kara wa Baba a kunne, ya ji kaɗan, in kashe.

Juma'ar farko bayan dawowata, na tarar da ɗakin baƙi a cike. Baba ya sa an kira 'ya'yansa maza duka da surukansa. Matan gidan suna bayan ƙofa, ina jin motsinsu. Ga kuma amininsa na shekara hamsin, Ammu Abdulgani, maƙwabcinsu mai sayar da yadi, wanda shi ma a Makka aka haife shi amma iyayensa daga tsibiran Jawa suka zo. An yanka rago. An sa wa Baba sabuwar hula.

Na durƙusa gabansa na gaishe shi. Ya shafa kaina, ya ce, "Ka je?"

"Na je, Baba."

"Ka same shi?"

Wallahi na so in tsaya a nan. Amma kowa yana kallona, ga ƙamshin ragon nan. Na ce, "Na same shi. Bishiyar tana nan. An jera duwatsu a kewaye, har yanzu ba su watse ba. Wurin a share yake, da inuwa. Na yi masa sallama, na ce Usaini ne ya aiko ni daga Makka. Na daɗe ina addu'a."

Hawaye kawai suka riƙa gangarowa daga idanun nan na Baba da ba sa gani, suna shiga gemunsa. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai. Na ji wata daga bayan ƙofa tana jan hanci. Ni kuma ina durƙushe, ɗalibin hadisi, wanda ya shekara biyu yana haddace yadda malamai ke tantance mai gaskiya da maƙaryaci a cikin masu ruwaya.

Can ya ce, "Ƙarar ruwan fa?"

Na ciro waya zan kara masa a kunne, sai Faisal ya fizge ta. "La, la, ba haka ba. Kawo mu sa a babbar talabijin, kowa ya ga balad." Sana'arsa ce, kafin in buɗe baki ya haɗa. Ya koma can gefe ya zauna da wayata a hannunsa.

Ƙarar ruwa ta cika ɗakin. 'Ya'yan suka yi ta "Masha Allah, masha Allah." Baba ya ɗaga kai, bakinsa yana motsi. Ni kuwa ƙidayar daƙiƙa nake yi. Da na ga an kusa inda na tsaya da kallo, na ce, "Faisal, ya isa haka, sauran duk iri ɗaya ne."

Baba ya ɗaga hannu. "Bar shi. Shekara saba'in nake jiran wannan."

Aka bar shi. Minti na uku ya wuce lafiya, har na fara numfashi. A na huɗu sai hoton ya girgiza, mai ɗauka ya juya. Ga matakala ta siminti da ƙarfen riƙewa. Ga wani allo da rubutu. Ga mutane sanye da rigunan leda masu launi, farare-farare, gajeru, suna ɗaukar kansu hoto. Sai wani mutum da ƙaramar lasifika ya fara magana da wani yare.

Ammu Abdulgani, bawan Allah, bai san komai ba. Ya miƙe zaune da murna, ya ce da Larabci, "Subhanallah! Wannan ai yaren mahaifiyata ne! Yana cewa barka da zuwa, a yi hattara da santsi, kada a ba birai abinci. Usaini, ashe akwai mutanenmu a ƙasarku?"

Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sai murmushinsa ya ɗauke. Mai lasifikar ya ci gaba da bayani. Na yi fatan kafet ɗin ya tsage in shige.

Faisal ya kashe. Ya ajiye wayar a ƙasa, ya turo mini ita da ƙafa. Da Larabci ya yi magana: "Ba ka ji kunya ba? Shekara biyu kana cin abincin gidan nan. Tsoho makaho?"

"Faisal," in ji Baba. "Halas, ya isa."

Ya miƙo hannu yana lalube. "Ina yake? Matso."

Na matsa. Ya kama wuyan hannuna.

"Ka je, ko ba ka je ba?"

A gaban 'ya'yansa da surukansa da matan da ke bayan ƙofa na faɗi komai. Na ce ban taɓa sanin garinsu ba kafin wannan hutun, duk labarin da nake ba shi nasa ne nake mayar masa. Na ce na je garin, na shiga kurmin, na kai kadarko, tsoro ya hana ni tsallakawa. Na ce ban ga matsirga ba, ban ga bishiya ba, ban ga kabari ba, ban yi wa kowa sallama ba. Duwatsun da na ce an jera, ni na jera su da bakina.

Bai saki hannuna ba, kuma wannan ya fi mari zafi.

Can ya ce, "Har yanzu kadarko ne? Ba su yi gada ba?"

"Kadarko ne, Baba. Kututture biyu."

"Daga nan ana jin ta?"

"Ana ji. Kamar ƙasa ce take nishi."

"Akwai wani dutse da ake zagayawa kafin a iso, mai tsage a tsakiya?"

Na yi tunani. "Akwai. Wani itace ya tsiro a cikin tsagar."

Ya ja dogon numfashi. "To, ashe ka je." Ya yi ta tambayata, ni kuma ina faɗa masa abin da idona ya gani kawai: bandar kifi, matan da ke wanke rogo, baƙar ƙasa, kwarkwasa. Da na zo kan matar da ta ce in matsa, har ya ɗan yi dariya. Abin da ban gani ba, na ce ban gani ba. A shekara biyun nan ban taɓa ganin ya saurare ni haka ba.

Sannan ya juya fuskarsa wajen 'ya'yansa, ya ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Hassan ne yake riƙe hannuna kullum in za mu tsallaka kadarkon nan. Shi ba ya tsoro, ni nake tsoro. Ranar da aka ɗauke shi za a kai shi, na bi su a baya. Suka tsallaka da shi. Ni na tsaya. Ubanmu ya waiwayo ya kira ni, na kasa. A nan na zauna ina jin ƙarar ruwa har suka dawo. Daga ranar ban sake tsallakawa ba har muka bar garin. Ban taɓa ganin kabarinsa ba. Shi ya sa na yi aike."



Ya dawo kaina. "Da ka zo ka ce mini tsoro ya hana ka, da ni ne mutum na farko da zai gane. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ka sa na yi kuka a kan kabarin da babu shi. Da Allah bai tona ba, da shi zan tafi a zuciyata, ina cewa na ɗan'uwana ne."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma saƙona yana wuyanka, ba ka isar ba. Ku ci abinci, ragon nan ba shi ya yi ƙarya ba. In an yi la'asar kai za ka tura ni Harami. Addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta, ni ne dai na so a tsaya masa a kai."

Da yamma na tura kekensa, daga inda mota ta sauke mu har cikin masallaci, Faisal yana biye da mu. Na samar masa wuri inda yake fuskantar Ka'aba. Ya ɗaga hannu yana kiran sunan Hassan, yana roƙa masa gafara da wata irin Hausa ta yara, kamar jiya suka rabu. Na tsaya a bayansa ina cewa amin. Wannan ita ce addu'a ta farko da na taɓa yi wa Hassan, bayan na gama shelar cewa na daɗe ina yi.

Na ci gaba da zuwa gidan, don Baba ya ce in na daina zuwa bai yafe ba. Zuwan ba daɗi. Wata huɗu Faisal bai amsa gaisuwata ba, matan gidan kuma suka daina aiko mini da ƙunshin abincin da nake tafiya da shi makaranta. Na yi wa Baba alkawarin in hutu ya zagayo zan koma, ko da rarrafe ne sai na tsallaka. Ya ce, "Kada ka yi alkawari. Ka ce in Allah Ya so." Bai kai hutun ba. Faisal da kansa ya kira ni ranar, ya ce, "Abuya ya tafi. Ka zo ka kama mana." Na kama makara tare da 'ya'yansa.

Yanzu ina son in rubuta cewa na koma, na tsallaka, na ga matsirgar. Zai yi daɗin karantawa. Amma ban koma ba. Karatu ya ƙare, aure ya zo, aiki ya zo, kullum ina cewa baɗi. Har yau ban ga ruwan nan da idona ba. Abin da nake yi kawai shi ne, in na yi wa iyayena addu'a, sai in sa da Hassan da Usaini.

Kwanaki Faisal ya turo mini saƙon murya, muna tuna baya, yana dariya ya ce darasin da ya kamata in koya shi ne in riƙa kallon bidiyo har ƙarshe. Na ce na ji. Nawa darasin dai ya fi wannan tsada. Kunyar a ce maka matsoraci ta 'yan mintuna ce, matan da suka ga ina jan gindi a kan kututture ma na san tuni sun manta da ni. Kunyar da na sayo don in kauce wa waccan, ga shi shekaru sun ja, ina da 'ya'ya, ina da ɗalibai da ke ce mini Malam, kuma har yanzu ban gama jin ta ba.